Sawun da Ya Kalli Titi

Sihor, farkon damina, 1964

Kana ji na?

Kada ka yi dariya. Na daɗe riƙe da alƙalami ina neman abin da zan sa a saman takardar nan, ban samu ba sai abin da na saba kiran ka da shi daga ƙofar kicin. Matan cikin littattafaina suna rubuta "hasken idona", amma su marubuci ne yake tsaya musu, ni kuwa idan Bhabhi matar yayanka ta gani na shiga uku. Sunanka kuma ka san ba zai fito daga bakina ba. Da ma mace ba ta kama sunan mijinta kada ta rage masa kwana, balle yanzu.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya jiki? Ina fata ƙunar tafin hannun ta warke, kuma suna ba ka abincin da zai shiga. Mu nan lafiya lau. Motiba mahaifiyarka gwiwa ta tayar mata tun da ruwa ya sauka, amma bakinta garau yake. Yayanka yana shago safe da yamma. Bhabhi da 'yan matanta biyu suna nan, babbar har an fara zancen nema mata miji.

Ranar Dhanteras ɗin bara, ranar farko ta bikin fitilu na Diwali, ta ƙi barina. Ka tuna yadda layinmu ya cika tun hantsi? Kowa yana son ya shigar da sabon ƙarfe gidansa ranar, mai hali ya sayi tukunya, marar hali ko cokali ne. Kana zaune a dakalin shago da ƙusarka da 'yar gudumarka, kana buga wa mutane sunayensu a jikin tagulla, tak-tak-tak, kana tsokanar tsofaffi. Ni kuma da yake ni ce amaryar gida, aka ba ni zanen sawun Lakshmi a ƙofa, don uwar arziki ta ga hanya ta shigo. Na dama garin shinkafa. Amma littafi yana cikin zanen sari da na ɗaura, saura 'yan shafuka in san ko matuƙin jirgin ruwan zai dawo wa yarinyar. Sai na durƙusa daga cikin zaure maimakon daga waje, ina dangwala gefen dunƙulen hannuna a ƙasa, ina ɗiga 'yan yatsu, hankalina yana teku. Ƙafafun suka fito ƙanana, kyawawa, duk suna kallon titi.

Maƙwabciyarmu Santok ce ta fara gani. Ta riƙe haɓa ta ce, "Iko! Gidan maƙera, bana rakiya kuka yi wa Lakshmi? To ta biyo ta namu, ƙofa a buɗe take." Layi ya ɗauki dariya. Kai ma ka yi, ka ce, "Ku bar min matata. Ta ga uwar arziki ta gaji da ƙarar guduma ne, iska za ta sha ta dawo." Bhabhi ta kawo ruwa ta wanke, aka sake zanawa daidai.

Da magariba ana jera fitilu, ka ɗauko tukunyar da aka sauke daga wutar dalma a lokacin, da hannu haka nan, kana ba yayanka labari. Mu muka ji ƙauri. Kai ba ka ji komai ba, sai da yayanka ya buge ta daga hannunka. Kowa ya zuba wa tafinka ido. Motiba kaɗai ba ta kalle ka ba. Ƙofa ta kalla, sannan ta kalle ni.

Tun ranar ba ta ƙara karɓar ko moɗar ruwa daga hannuna ba. Ta ce ni na nuna wa lafiya da arziki hanyar fita. Mutanen gari kuwa an gaya musu ka tafi Mombasa aiki a kantin kawunku. Santok kullum sai ta tare ni a rijiya: "Amarya, yaushe mutumin Mombasa zai aiko mana da kanumfari?" In yi murmushi, in dawo in shiga bayan buhunan gawayi in yi kuka. Katin da ka aiko da isarka, yayanka da awartaki ya shigo da shi, ya gifta shi kan hayaƙi har gefensa ya ƙone, sannan aka ba ni.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka ce in zo. Ba na cin abinci da yawa, na iya wanki, kuma zan karanta maka har ka gaji.

Taka,
Kokila

*

Asibitin Kesarpur, tsakiyar damina

Gimbiya Kokila,

Ina ji, ina ji. Ko a nan idan wata mai shara ta ce wa wani "kana ji na", sai in waiga kamar wawa.

Na samu takardarki, na gode. Ki gaishe da Motiba, ki ce ta riƙa shafa man riɗi mai ɗumi a gwiwar. Tafina ya warke. 'Yar ƙwaya fara suke ba mu kullum. Faten kichrinsu kuwa ruwa ya fi shinkafa yawa, wanda yake dafa shi bai taɓa son kowa ba a duniya.

Kin cika takarda ba ki rubuta sunan abin ba. Kuturta ce, Kokila. Ki faɗa da bakinki sau ɗaya, za ki ga rufin ɗaki bai faɗo ba.

Na ba likitanmu labarin sawunki. Ya ce ciwon nan shekaru yake yi a ɓoye cikin jiki kafin ya nuna kansa, ya shige ni tun kina wasan 'yar tsana a garinku Amreli. Ke nan ƙafafun garin shinkafa ba su kashe zomon kowa ba, ba su da laifi. Ki gaya wa Motiba. Na san ba za ta ji ba, amma ki gaya mata.

Maganar zuwa kuwa, a'a. Nan ba irin wuraren littattafanki ba ne, inda marar lafiya yake kwance fari tas kusa da taga yana tari a hankali. Nan akwai mutanen da ba su da hanci. Kuma macen da ta shigo ƙofar nan don mijinta, ko lafiyarta ƙalau, garinsu ba ya sake karɓarta. Na gan su a bukkokin bayan asibiti, suna sayar da kayan miya wa junansu, don ba mai saye daga waje. Ban biya sadaki ba, ni aka kawo wa ke da kiɗa da furanni, ba zan saka wa iyayenki da wannan ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Yatsu biyu na dama sun fara lanƙwashewa, alƙalami sai gudu yake yi. Ni da nake rubuta suna a wutsiyar cokali!

Ga aikin da zan ba ki. Farantina yana nan a kanta, tsakanin na Yaya da naki, inda na jera su ranar da na buga wa kowa sunansa. Ki riƙa ci a ciki, ki goge shi da tsamiya da toka kada ya yi kore. Tagulla ba ta son zaman banza.

Mijinki,
Harsukh

*

Sihor, ƙarshen damina

Kana ji na?

Gaisuwa da fatan sauƙi. Kowa lafiya, sai ƙaramar Bhabhi da ta yi zazzaɓi, ta warware. Wannan ce takarda ta uku tun bayan taka, ba amsa. Kullum idan na ji ƙararrawar keken mai wasiƙa sai in sami dalilin zubar da ruwan wanke-wanke a ƙofa. Ya wuce, ko waiwaye.

A biyun farko na ɓoye maka wani abu. Ka ce in ci a farantinka. Babu farantin. Tun kafin in rubuta maka ta farko yayanka ya sauke shi da awartaki, ya kai bayan shago, ya kankare sunan da magagari, ya jefa a tukunyar narki tare da moɗarka. Ina tsaye. Na ce, "Ku bar min shi, ni zan ajiye a akwatina." Bhabhi ta ce, "Ki ajiye mana ciwo a akwati, ko? Ba ki gama da mu ba ke nan." An matsa sauran farantan, gurbin ya rufe. Baƙon da ya shigo ya ƙirga kantar zai ce 'ya'yan Motiba ɗaya ne.

Na gaya mata abin da likita ya ce. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Likita ya san jini, bai san ƙofar gidana ba."

Ba mai kiran sunanka a gidan nan. Ni an hana ni saboda in ja maka kwana, su kuma sun daina don kansu. "Wancan" suke cewa, ko "na Mombasa".

Ga babbar maganar. Mutanen da ke neman babbar 'yar Bhabhi sun fara tambaya: wane irin miji ne zai tafi ƙetare shekara guda bai aiko wa matarsa ko ƙyalle ba? Motiba ta ce zamana a gidan nan shi ne yake jawo tambaya. Sun rubuta wa yayana Kanti. Zai zo da Diwali ya maida ni Amreli "in huta". Na san irin wannan hutun. Akwai wata gwaggona da ta je hutu tun ban san kaina ba, har yau tana ɗakin baya tana tankaɗe wa matan ƙannenta gari, da jan aure a goshi, ba mijin.

Jiya na ɗauko littafi in ɗan manta, na kai shafi na nawa ban san abin da na karanta ba. A ciki duk wanda aka raba da masoyinsa sai wani abu ya faru, a yi ambaliya, ko wani attajiri ya mutu. Ni na jira, ba abin da yake faruwa sai wanke-wanke.

Ka rubuto kafin Diwali. Kalma ɗaya daga gare ka ta isa in tsaya gaban Kanti. Idan ka yi shiru, tafiya za su yi da ni kamar buhu.

Taka,
Kokila

*

Asibitin Kesarpur

Zuwa ga Kokila,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da dukan mutanen gida. Takardunki sun iso. Ina samun kulawa yadda ya kamata, kada ki damu.

Na yi tunani a kan maganar Amreli. Shawarar Motiba daidai ce. Ki bi yayanki. Yarinya ce ke, kina da sauran rayuwa a gaba, kuma auren 'ya'yan Yaya bai kamata ya lalace saboda ni ba. Ban riƙe ki da komai ba. Duk abin da iyayenki suka ga ya dace da ke nan gaba, na amince tun yanzu.

Maganar faranti ba komai. A nan a ganye muke ci, a yar.

Kada ki ƙara wahalar da kanki da rubutu, ba lalle ba ne a samu mai amsawa.

Harsukh

*

Sihor, ana saura kaɗan Diwali

Ba zan tambayi lafiyarka ba, tunda ka ce kana samun kulawa yadda ya kamata.

Hannun wa ne wannan? Na san rubutunka ko a duhu. Wannan rubutu ne mai zagaye, mai tsafta, kowane harafi da kwalliyarsa kamar an yi masa kitso. Rubutun mace ne. Wace ce ta zauna a bakin gadonka, ka buɗe baki ka ce mata, "Rubuta wa waccan ta tafi gidansu"? Mai farin kayan jinya ce? Ita ce take ba ka 'yar ƙwayar a baki? Na karanta irin wannan ba sau ɗaya ba, na san yadda yake farawa. Ana fara shi da "sannu da jiki", a ƙare da "ban riƙe ki da komai ba".

Ba "Gimbiya", ba tsokana, ko kichri ba ka zaga ba. Ashe shi ya sa ka ce kada in zo, wai mutane ba hanci. Ni ina nan ina shan hararar mahaifiyarka, ina yi wa Santok ƙaryar kanumfari, kai kana can ana gyara maka matashi.

Na yaga takardar, na dawo na tsince ta, na liƙe da ruwan shinkafa, don sunanka yana ƙasa.

Idan gaskiya ne, ka faɗa min da naka hannun, ko da layi ɗaya ne karkatacce. In na gani zan bi Kanti ba tare da ko tari ba. Idan kuma ba gaskiya ba ne, to ka ji tsoron ranar da za mu haɗu.

Kokila

*

Asibitin Kesarpur

'Yata Kokila,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Sunana Girdhar. Ni ce mai farin kayan. Shekaruna sun haura sittin, kaina ba gashi ko ɗaya, kuma ƙafa ɗaya gare ni da rabi. Malamin makaranta ne ni kafin ciwo ya kawo ni nan, shi ya sa rubutuna yake da kitso. Tun da nake ba a taɓa kishi da ni ba, na gode miki ƙwarai. Da na karanta wa mijinki takardarki, ɗakinmu duka sai da aka yi dariya har da masu ciwon ƙirji. Shi ma ya yi, karo na farko tun damina. Daga baya ya juya fuska bango.

Yana nan kusa da ni yana cewa kada in rubuta abin da zan rubuta. Alƙalami a hannuna yake, kuma ba shi da hannun ƙwacewa.

An yi masa aiki a hannu biyu don a miƙar da yatsun. Suna naɗe har gwiwar hannu, shi ya sa kika ji shiru, shi ya sa kuma ba zai iya ba ki layin da kika nema ba. Likita ya ce zai riƙe cokali, wataƙila alƙalami. Ƙusa da guduma kuwa bai yi alkawari ba. Waccan takardar ni na rubuta, amma kalmominsa ne, sai da ya maimaita su kamar mai hadda kafin ya iya faɗa ba tare da murya ta karye ba. Na ce masa ƙarya ce, ya ce in rubuta.

Yanzu yana cewa in gaya miki tsohon banza ne ni. Na gaya miki.

Ga abin da bai so ki sani ba. Maganin ya kama shi. Likita ya ce ba ya shafa wa kowa yanzu, kuma da an kwance hannun za a sallame shi daga ɗakin jinya, a ci gaba da ba shi ƙwaya daga waje. An rubuta wa yayansa, amsa ta zo cewa ba wuri. Don haka za a ba shi ɗaki a bukkokin bayan asibiti. Tun da labarin faranti ya iso ya rage ci. Sai ya kalli ganyen ya ce ya ƙoshi. Na daɗe a nan, 'yata, na ga masu irin wannan ƙoshin. Ba ciwon ne yake ɗauke su ba.

Ba zan ce ki zo ba. Matata ba ta zo ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, tana da 'ya'yan da za ta aurar. Duk abin da ya gaya miki game da wurin nan gaskiya ne, wadda ta shigo ba ta da hanyar komawa. Na dai ga bai dace ki yanke shawara a kan mai farin kayan da babu ita ba.

Ya ce a ƙarshe in rubuta "Gimbiya". Ya ce kalmar kawai, kada in ƙara komai.

Naki,
Girdhar

*

Tashar jirgin ƙasa ta Sihor, washegarin Dhanteras

Kana ji na?

Ina gaishe ka, ina gaishe da Baba Girdhar. Ka ce masa na durƙusa, ya yafe min kitson. Ina fata hannun yana sauƙi. Mutanen gida lafiya. A kan akwatina nake rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar.

Takardarsa ta iso ana gobe Dhanteras. Na karanta ta a bayan buhunan gawayi, na tashi na tattara littattafaina duka a zani, na kai wa mai sayar da su a tasha. Ya ce, "Amarya, har da na matuƙin jirgin?" Na ce har da shi.

Kanti ya sauka jiya da safe, yana son mu juya a jirgin rana. Motiba ta ce, "Yau? Yau ko tsinke ba ya fita daga gidan nan, balle suruka. Gobe." Bana Bhabhi ce ta zana sawun, ni an ce in zauna a kicin kada ko inuwata ta faɗa kan ƙofa. Na zauna har layi ya cika. Sannan na ja mayafi na fita ta baya, na zagayo gaban shago kamar kowace mai saye.

Na zaɓi faranti mai kauri, irin naka na da. Na ajiye kuɗin littattafan a gaban yayanka. Ya kalle ni, ya kalli jama'a, ba halin magana, don yau ba a korar mai saye. A dakalinka wani mutum suka ɗauka haya. Ya karɓi farantin bai ko ɗago ba, ya ce, "Wane suna?"

Ka gan ni tsaye. Ba zan iya faɗa ba, su kuma ba za su faɗa ba. Yayanka ya yi sauri ya ce, "Sa Kokila." Na ce, "Ba nawa ba ne." Santok tana nan, ina za ta? Ta ce, "Af, na mutumin Mombasa ne? Can ba su da faranti?" Gaskiya ta zo min har haƙori. Sai na hango babbar 'yar Bhabhi a bakin ƙofa da sabuwar tsintsiya a hannu. Na ce, "Suna da shi, Anti, amma ba su iya tagulla ba."

Na ce wa mutumin ya ba ni ƙusar. Ya ce, "Mace?" Na ce, "Matar mai dakalin." Na durƙusa a wurin, na buga da kaina. Na sha kallon ka kana yi kamar wasa, ashe ƙusar tana zamewa. Na daki babban yatsana har ya yi jini. Haruffan sun fito kamar sawun kaza, amma duk wanda ya iya karatu zai karanta.

Da na zo ƙofar gida sai na tsaya cik. Sabon kwano ba ya shiga gida wayam ranar Dhanteras, ni kuma ban tanadi abin zubawa ba. Ina tsaye a titi, faranti a hannu, sawun Bhabhi a gabana suna kallon ciki. Bhabhi ta ce, "To, ga ta nan, za ta sake mana na bara."

Sai ga Motiba tana jan gwiwa. Ta tsaya a kan dokin ƙofa. Ta sunkuya, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Na ƙarshen ya karkace. Ubansa ma haka ya karkatar da shi a moɗarsa ta farko, don murna." Sannan ta faɗi sunanka. A hankali, amma na ji, Bhabhi ma ta ji.

Ta juya ta ɗauko ragowar garin shinkafar da aka yi zane da shi, ta juye a farantin, ta ɗora curin mazarƙwaila. Ta ce, "Shigo da shi." A zaure ta tare ni, ta ce, "Na san inda za ki kai shi. Ki ji ni da kyau, don kada ki ce ban faɗa ba. In kin tafi, za mu ce kin bi shi Mombasa. Ba ki ba dawowa, ba shi ba dawowa, ko na mutu kada ku zo. Jikokina biyu ne a gabana." Na ce na ji. Ta ce, "Ban ce na yafe sawun ba." Na ce na sani.

Da magariba aka kunna fitilar Yama, wadda ake kai wa mai ɗaukar rai waje don ya tsallake mutanen gida. Motiba ta riƙe ta tana kiran sunayen 'yan gida a kanta kamar kowace shekara. Ta kira yayanka, ta kira yara, ta ɗan tsaya, ta kira ka. Sannan ta miƙo min fitilar hannu da hannu, ba ta ajiye a ƙasa in ɗauka ba. Ta ce, "Ki fuskantar da ita kudu, kada ki waiwaya." Na kai ta bakin layi. Ina ajiyewa na tuna kai ma kudu kake. Na ce wa Yama, ga fitilarka, ka tsaya a nan, kada ka ƙarasa.

Yau da safe Kanti ya ɗauko akwatina yana tsammanin Amreli za mu. A gaban tagar tikiti na gaya masa. Ya ce, "Kin haukace? Littattafan nan ne suka cinye miki kai!" Na ce, "Na sayar da su jiya." Ya ce, "Me zan gaya wa Baba?" Na ce, "Mombasa." Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya yi kuka. Yanzu ga shi can ya juya min baya yana sayen ayaba, ya ce ba don ni ba ne, amma shi ba ya cin ayaba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban san yadda zan yi ba idan na ga mutanen da ka faɗa, ban san ko zan iya kallon hannunka ranar farko ba tare da na yi kuka ba. In na yi, ka bar ni in gama. Kada ka sa Baba Girdhar ya rubuto a hana ni, wataƙila ma in riga takardar nan isowa.

Farantin yana ƙunshe a cinyata da garinsa da mazarƙwailarsa. Ka sa a share ƙofar ɗakin da za su ba ka. Wannan karon daga waje zan durƙusa.

Na yanki tikitin Kesarpur, na zuwa kaɗai. Ina tafe.

Taka,
Kokila